Abin da ya kai mu gidajen tarihin Alƙahira muna 'yan gudun hijira

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni Bahaushiyar Sudan ce. An haife ni a Mai Wurno da ke bakin kogin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar, garin da kakanninmu suka kafa bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas. Ina ƙarama mahaifinmu ya samu aiki a Khartum, muka tare can. Na yi karatu na zama malamar tarihi a wata makarantar 'yan mata, aka yi mini aure, Allah Ya ba ni 'ya'ya uku. Maigidana akawu ne a wani kamfanin kayan gini a Jidda, da hutun shekara kaɗai muke ganinsa. Yanzu a Jiddan nake, kuma ina rubuta wannan ne saboda iyayen da yaƙi ya koro da ƙananan yara, waɗanda suke ganin kamar fita da yaro ya ga wani abu ban da bangon ɗaki almubazzaranci ne ko rashin ta ido.

Aikin da na fi so a koyarwa shi ne kai ɗalibai gidan tarihin ƙasa da ke titin Nilu, kusa da Mugran inda koguna biyu suke haɗuwa. An buɗe shi a 1971. Na san shi lungu-lungu. A ƙasa kayan Karma da Nabata da Marawi, tsofaffin biranen sarautar Kush ta Sudan ta dā, a can ƙarshen zaure kuma mutum-mutumin Sarki Taharƙa na dutse, tsayinsa ya kusa mita 4. A bene zanen bango na cocin Faras da masana daga Folan suka ɓanɓaro a farkon shekarun 1960 kafin ruwan madatsar Aswan ya cinye garin, aka raba biyu, rabi Khartum rabi Warso. A farfajiya kuma ɗakunan bautar Buhen da Samna da Kumma, waɗanda aka kwance dutse-dutse aka ɗauko daga arewa aka sake ginawa. 'Ya'yana na cikina kuwa ban taɓa kai su ba. An rufe wurin don gyara, ni kuma ina cewa ai gida ne, in an buɗe ma je.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa da ake kira RSF. Ba zan tsaya ba da labarin kwanakin da muka yi a ƙarƙashin gado ba, duk wanda ya fito daga Khartum ya san su. Abin da ya shafi zancena shi ne hanyar fita. Motar da ta kwashe mu zuwa garin Madani, kudu da Khartum, ta bi ta titunan da gawarwaki ke yashe ba mai ɗauka. Na rufe wa autar fuska da mayafina, babbar ta sunkuyar da kai da kanta, amma na tsakiyan, namijin, yana jikin taga. Hannuna biyu ne.

A Madani gidanmu ya rabu. Inna da ƙanwata suka bi motocin da ke ratsa kan iyaka ta Argin suka shiga Masar a watan Mayu, lokacin mata da ƙananan yara da dattawa ba sa buƙatar biza. Baba ya ce shi ba inda za shi, kakansa da ƙafa ya zo ƙasar nan, ba zai bar ta a mota ba. Yana da ciwon sukari, kullum sai an yi masa allurar insulin, ga shi ba a barin insulin a zafi, ga wuta ba ta zama. Na zaɓi in zauna da shi. Maigidana yana ta kira daga Jidda in fito da yara, ina ce masa ya ƙara haƙuri. A cikin leda nake ƙulle maganin in saka a gindin randa, sanyin kasko yana riƙe shi daidai gwargwado. A Disamba Madani ma ta faɗi, muka sake gudu, wannan karon zuwa Mai Wurno. Maganin ya yanke a hanya. Baba ya rasu a garin da aka haife shi, aka binne shi kusa da iyayensa. Allah Ya jiƙansa. Har yau in na tuna ina jin abu biyu a lokaci guda: godiya da ban bar shi shi kaɗai ba, da nauyin watannin da yarana suka ƙara a cikin ƙarar bindiga saboda shawarar da na yanke.

Daga nan sai Gadarif, Kasala, Bur Sudan, jiran fasfo, jiran biza, sannan jirgin ruwa daga Sawakin, tashar da alhazan ƙasar Hausa suka riƙa tsallaka Bahar Maliya ta cikinta tun zamanin tafiyar ƙafa.

Na ɗauka da mun sauka Jidda shi ke nan. Ashe nan ne ciwon zai fito. Ɗaki ɗaya da falo, maigida ya fita da safe sai dare, ni ba aiki, bizar ziyara ba ta ba mutum damar aiki. Yaron ya daina magana sai da ka, ya koma fitsarin kwance yana ɗan shekara tara, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige bayan firiji. Babbar kuwa na ji ta da kunnena a makarantar haddar masallacin unguwa, wata yarinya ta tambaye ta 'yar ina ce, ta ce 'yar nan ce. Da na yi mata magana a gida sai ta ce, “Mama, in na ce Sudan sai su ce Allah sarki.” Ban samu amsar ba ta ba. A Satumban 2024 labari ya bazu cewa an wawashe gidan tarihin Khartum, an fita da kaya a manyan motoci. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ce mini masu bindiga sun shiga gidanmu. Na daina girki sai dole, na daina ɗaga waya. Ina sallah, amma ko addu'a ta yi mini nauyi a baki.

Maigidana ne ya kawo maganar. Ya ce hutunsa na Janairu yana zuwa, kuɗin da a da yake kashewa zuwa Khartum yana nan, mu je Alƙahira in ga Inna, tun rasuwar Baba ba mu haɗu ba. Sai ya ƙara da cewa, “Ustaza, tunda an je, ki yi wa yaran nan aikinki.” Dangi sun yi magana, kuma ban ga laifinsu ba. Wata gwaggona ta ce mutane na kwana a makarantu a Bur Sudan, mu kuma za mu yawon kallon gumaka. Na daɗe ina juya maganarta. Abin da ya tsayar mini da zuciya shi ne lissafi: masauki kyauta ne wajen Inna a unguwar Faisal, abinci a gida za a dafa, kuma ba mu taɓa abin da muke aika wa 'yan uwa duk wata ba. Abin da muka yanke shi ne kayan sallar shekarar da sabuwar wayar da maigida ya yi niyya.

To ga yadda ake shirya irin wannan tafiya, don a takarda ake fara faɗuwa. Tun 10 ga Yunin 2023 duk mai fasfon Sudan, mace ko yaro ko tsoho, sai da biza yake shiga Masar, kuma akwai takardar amincewar jami'an tsaro da ake nema. Kada a sayi tikitin jirgi kafin ta fito, kada kuma a tura wa dillalin da aka gani a Facebook kuɗi, da yawa sun yi asara a nan. A tambayi ofishin jakadanci abin da ake bi a wannan watan, dokar tana sauyawa. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Mai iƙamar Saudiyya zai ciri huruj wa auda, wato izinin fita da dawowa, riyal 200 na fita ɗaya har wata biyu. Mai bizar ziyara kuwa ya duba da kyau: in ta shiga ɗaya ce, ranar da ya fita daga Saudiyya ta mutu, ba zai dawo da ita ba. Jirgi daga Jidda awa biyu ne da 'yan mintoci. Lokaci mafi kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma a tafi da rigunan sanyi na gaske, gidajen Alƙahira sun fi waje sanyi da dare, mu da muka saba da Khartum da Jidda sai da muka sayo barguna.

Maganar tikitin shiga tana da muhimmanci ga Bahaushe musamman, domin fasfo ne yake yanke farashi, ba fuska ko harshe ba. Lokacin da muka je a Janairun 2025, a yawancin wuraren da ke ƙarƙashin ma'aikatar kayan tarihi farashi biyu ne, na Misirawa da Larabawa, da na sauran baƙi, kuma tazarar tana da yawa ƙwarai. A wancan lokacin mai fasfon Sudan ko Saudiyya yana shiga layin farko, mai fasfon Najeriya ko Nijar yana biyan na baƙi ko da a Makka aka haife shi. A riƙe fasfon kowa a jaka, mai sayar da tikiti yakan ce a nuna. Yaro ƙasa da shekara shida ba ya biya, ɗalibi mai kati yana samun ragi. Manyan wuraren yanzu ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki, saboda haka a tabbata katin yana aiki a wajen ƙasa tun kafin a baro Jidda. Duk da haka a tanadi ƙananan fam a aljihu, na mai tsaron takalma da mai kula da banɗaki, a kuma riƙe takardar goge hannu, ba a cika samu ba.

Ƙa'idar da na bi da ɗalibai ita na bi da 'ya'yana: wuri ɗaya a rana, da safe, awa biyu, abu biyar ko shida da aka zaɓa tun daga gida. Gidan tarihi yana gajiyar da ƙafa da ido fiye da kasuwa, kuma yaron da aka ja daga akwatin gilashi zuwa akwatin gilashi har la'asar, abin da zai riƙe kawai shi ne yunwa. Ga yaran da suka fito daga yaƙi akwai ƙari. A fara da wuri mai fili da shiru, wanda ana ganin ƙofar fita, a bar wurare masu duhu da cunkoso sai daga baya, a kuma gaya musu tun a mota cewa za su ga 'yan sanda da bindiga a bakin ƙofa da na'urar binciken jaka. Mai gadi da bindiga ba komai ba ne ga ɗan yawon buɗe ido, amma ga yaron da aka taɓa saukewa daga mota a shingen hanya, wani abu ne daban.

Shi ya sa muka fara da masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka kammala a shekarar 879. Tsakar gidansa ƙatuwa ce, mutane kaɗan, ba hayaniya. Hasumiyarsa matakalarta ta waje take nannaɗe, ana hawa a hango birni, sai dai a riƙe hannun ƙaramin yaro gam. A manne da shi akwai gidan Gayer-Anderson, tsofaffin gidaje biyu da wani hafsan Ingila ya zauna a ciki daga 1935 zuwa 1942 ya cika su da kaya. Yara suna son sa saboda wani kabad da ake turawa ya buɗe zuwa ɓoyayyen lungu, inda matan gida suke leƙen zauren baƙi ta tagar katako ba a ganinsu. Matakalarsa da yawa kuma matsattsu, Inna da gwiwarta a masallaci ta jira mu, ta ce ita ta samu wurinta.

Azhar ma mun je, na nuna musu cewa a cikin ɓangarorin kwanan ɗalibai na dā akwai na mutanen Sinnar, akwai na mutanen Barno, akwai na Darfur. Na ba su labarin Mansa Musa da ya sauka a birnin a 1324 kan hanyar hajji ya raba zinariya har darajarta ta faɗi. Titin Mu'izz da ke kusa yana da kyau, amma daɓen duwatsu ne, keken marasa lafiya yana wahala a kai, kuma bayan azahar cunkoso ba ya barin mutum ya ga komai. Ranar Juma'a a bar unguwar gaba ɗaya sai in sallah za a je.

Inda ni kaina na tsaya cak shi ne gidan kayan fasahar Musulunci da ke Babul Khalƙ, wanda aka buɗe gininsa a 1903. Ba shi da cunkoso, a ƙasa yake ba hawa, ga kujerun hutawa. A nemi fitilun masallaci na gilashi na zamanin Mamluk, sarakunan da suka mulki Masar a dā, masu ayar Nur a jiki da shuɗi da ruwan zinariya. A nemi butar tagulla da ake dangantawa da Marwan na biyu, halifan Umayyawa na ƙarshe, mai bakin zakara. Akwai mabuɗin Ka'aba na zamanin Mamluk, da faifan tagulla na auna taurari da fitar da lokacin sallah, da takardun Alƙur'ani da rubutun Kufi wanda ba ɗigo ba wasali. Inna ta daɗe a gabansu, ta ce ƙafar baƙin ta yi kama da ta Alƙur'anin kakanmu na gafaka, wanda muka baro a Khartum. Ranar 24 ga Janairun 2014 bam ya tashi a mota a gaban hedikwatar 'yan sanda da ke tsallaken titi, ya farfasa tagogin wannan gida, kaya 179 suka lalace, har da fitilun gilashi da mihrabin katako na Sayyida Ruƙayya. Masu gyara suka zauna suna tsince ɓaraguzai suna liƙawa, aka sake buɗewa a 2017. In ka matsa kusa da wasu za ka ga layin tsagar siriri a jikin gilashin. Na nuna wa babbar tawa, na gaya mata abin da ya faru. Ta ce, “To namu fa?” Na ce namu ba fasa su aka yi ba kawai, ɗauke su aka yi, wannan ya fi wuya, amma kowane kaya yana da lamba da hoto a rajista, kuma da wannan ake bin sawun kayan sata a kasuwannin duniya. Gaskiyar da na sani ke nan, ban ƙara mata da komai ba.

Dalar Giza ba ta buƙatar in yabe ta. Ta Khufu asalin tsayinta mita 146, ta haura shekara 4,500 a tsaye. A je da an buɗe ƙofa. Shiga cikinta tikiti ne daban, kuma shawarata a bar shi: hawa ne a duƙe cikin matsattsen rami mai zafi, a ƙarshe ɗaki ne wayam sai akwatin dutse ba komai a ciki. Mai asma, mai ciwon gwiwa, da yaron da ya yi kwanaki a ƙarƙashin gado, ba nasu ba ne. Masu raƙuma da dawaki a gama ciniki da su kafin yaro ya hau, a faɗi kuɗin, da fam ne, na mutum nawa, zuwa ina, har da dawowa da saukewa. Kada a karɓi abin da aka miƙo aka ce kyauta ne. Na kuma gaya wa yarana abin da ba a faɗa a can: yawan dalar da ke Sudan ya fi na Masar, ko da yake namu ƙanana ne masu tsini, kuma waɗanda ke Bajrawiya, maƙabartar sarakunan Marawi, kawunansu a gutsure suke saboda wani Ba'italiye, Ferlini, ya rushe su a 1834 yana neman zinariya. Kayan adon Sarauniya Amanishaketo da ya kwasa suna Jamus har yau.

Gidan tarihin dandalin Tahrir, na 1902, shi na fi shirya wa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kai mutum tashar Sadat, kuma akwai taragun mata a tsakiya. Lokacin kowa yana rububin fuskar zinariyar Sarki Tutankhamun, mai nauyin kilo 10 da ɗoriya, mun gan ta mu ma. Amma ni wani allon dutse nake nema, wanda aka tono a Jabal Barkal da ke arewacin Sudan a 1862, allon nasarar Sarki Biye na Kush, wanda ya taso daga Nabata ya ci Masar sama da shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba kyan gani gare shi ba, baƙin dutse ne cike da ƙananan rubutu layi 159, jama'a suna wuce shi ba sa waiwaye. Na tsugunna a gabansa na ba su labarin da ke ciki. Da Biye ya ci wani birni, sarkin birnin ya fito da dukiya da matansa suna neman afuwa, Biye bai kula su ba, ya wuce bargar dawaki. Ya tarar an bar dawakin da yunwa lokacin da aka kewaye garin, ya ce wannan ya fi ɓata masa rai a kan duk laifin da sarkin ya yi. Na ce musu a Kurru, kusa da Karima, an tono kaburburan dawakansa, a tsaye aka binne su. Yaron nan da ya yi watanni ba ya haɗa jimla sai ya ce, “Mama, shi ɗan Sudan ne?” Na ce ƙwarai. Ya ce, “Dawakin sun warke?” Na ce allon bai faɗa ba. Ya ce shi yana ganin sun warke. Babansa ya juya baya yana duba wani abu a bango.

Ba na cewa gidan tarihi magani ne. Yaron yana ganin likitar ƙwaƙwalwar yara, kuma ita ce ta fara ba mu shawarar a riƙa fita da shi. Duk mai yaro irin wannan ya nemi likita, ya haɗa da addu'a.

Sai maganar gawarwakin Fir'aunoni. Suna gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, inda aka mayar da 22 daga Tahrir a Afrilun 2021. Ɗakinsu a ƙarƙashin ƙasa yake, bango baƙi, haske kaɗan, hanya ɗaya mai lanƙwasa, ba a ɗaukar hoto. Fuskoki ne na gaske, da gashi da haƙora da farce. Mutane da yawa suna shiga da niyyar wa'azi saboda ayar Suratu Yunus da ta ce an kuɓutar da jikin Fir'auna don ya zama aya, kuma masu yi wa baƙi jagora za su nuna maka Ramsis na biyu ko ɗansa Marnabtah su ce ga Fir'aunan Annabi Musa. Hasashe ne, ba wanda ya tabbatar. Ra'ayina, babba ya fara shiga shi kaɗai ya gani, sannan ya yanke wa 'ya'yansa. Maigida ya shiga ya fito ya girgiza mini kai. Babbar ta ce tana so, ta shiga da shi. Ni da ƙananan da Inna muka tsaya a babban zauren sama, kuma ba mu yi asara ba, don a nan ne aka ajiye wani yanki na rigar Ka'aba da mahmal, rumfar da ake ɗora wa raƙumi a ayarin da ke kai rigar Makka, aikin da Masar ta riƙa yi har farkon shekarun 1960. Inna ta kama hannun jikanta tana tsokanarsa, “Angona, in ka girma irin wannan za ka ɗinka mini ko?” Ya ce ta yi tsufa, shi yarinya zai aura.

A ganuwar Salahuddin, wadda aka fara ginawa a 1176, akwai tarkon da ba a gaya wa mutane. Masallacin Muhammad Ali da filin da ake hango birni duka lafiya lau ne, amma in aka ci gaba da tafiya ciki za a faɗa harabar gidan tarihin soja, tankoki da igwa da jiragen yaƙi a jere a fili. Wasu yaran murna suke yi, suna hawa ana ɗaukar su hoto. Namu mun juya da su tun daga masallaci. Hanyar shiga ma hawa ce, tsoho sai da hutu.

Na zane-zane kuwa gidan Mahmud Khalil da ke Giza a bakin Nilu muka je, gidan wani attajiri ne da matarsa Bafaranshiya da suka tara aikin Mone da Renuwa da Gogan da Rodan. A nan ne aka yanke zanen furannin Van Gogh daga firam aka sace a 2010, aka rufe gidan sai 2021. Ƙarami ne, awa ɗaya ta isa. Zanen Turawa yana da hotunan tsiraici jefi-jefi, saboda haka babba ɗaya ya riƙa shiga ɗaki kafin sauran, ya san bangon da za a bi. Dabarar da ke riƙe yaro a irin wannan wuri ita ce littafin zane da fensir, ya zaɓi hoto ɗaya ya zauna ya kwaikwaya. A guji biro da alli mai launi, masu gadi ba sa so. A kuma nuna masa ya matsa kusa ya ga ɗigon fenti barkatai, ya ja baya ya ga sun zama ruwa da bishiya. Na gaya wa babbar cewa mu ma muna da Ibrahim Salahi ɗan Umdurman, wanda gidan zane na Tate a Landan ya yi wa baje kolin aikinsa shi kaɗai a 2013. Da muka koma gida ta nemo shi a waya da kanta.

Wanda zai je yanzu ya sani abubuwa sun sauya bayan tafiyarmu. An buɗe babban sabon gidan tarihi kusa da dala a Nuwamban 2025, kayan Tutankhamun duka sun koma can, kuma tsarin farashinsa daban ne, rahusar ta Misirawa ce, Balarabe baƙo yana biyan na baƙi. Ƙofar shiga dala ma ta koma ta hanyar Fayyum, motocin wurin ne suke zagayawa da mutane. Tunda ana ta sauya wa kaya mazauni, in akwai abin da kuke nema takamaimai ku tambayi ma'aikaci a bakin ƙofa kafin ku sayi tikiti.

A Maris na 2025 sojoji suka karɓe tsakiyar Khartum, hotunan gidan tarihinmu suka fito. Akwatunan gilashi a farfashe, ɗakin zinariya wayam. Taharƙa yana nan, ya fi ƙarfin ɗauka, ɗakunan bautar farfajiya ma suna tsaye. Gidanmu kuwa wani maƙwabci ya leƙa ya ce har wayoyin wuta an zare daga bango. Yaron fitsarin kwance ya ragu sosai, yana magana, wani lokacin har ya yi yawa, amma ƙarar wasan wuta tana mayar da shi bayan firiji. Babbar in an tambaye ta yanzu takan ce 'yar Sudan ce kuma Bahaushiya, wata rana da ƙarfi, wata rana ciki-ciki. Ni kuma ranar Asabar ina tara yaran 'yan uwanmu na unguwa a falo in koya musu tarihi da hotuna a waya, ba kuɗi, iyayensu sukan kawo shayi da sukari.

Inna ta matsa sai ta koma ta ga kabarin Baba. Maigida ya ce a jira ruwa da makarantu su daidaita. Ni ina tsakiya, ban yanke ba. Abin da muka yarda a kai shi ne in Allah Ya hore, kafin ta koma za mu kai ta Aswan tare da yara, gidan tarihin Nuba da aka buɗe a 1997, inda kan Taharƙa na baƙin dutse yake da labarin garuruwan da madatsar ruwa ta cinye, har da tsohuwar Halfa da aka kwashe mutanenta zuwa Khashmul Girba a 1964. Jirgin ƙasan kwana daga Alƙahira yana cin kusan awa 13, gado biyu ne a kowane ɗaki, sama da ƙasa, sai an yi wa Inna rajistar na ƙasa tun da wuri saboda gwiwarta.